Kalma Ɗaya da Ta Rage wa Baba

Ina kan keken ɗinki a shagona na kasuwar Jega, ina haɗa wuyan wani kaftani, sai na ji muryar Baba a waje. Ba mai kama da ita ba, ita ɗin ce dai, da kaurinta, da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya buɗe baki.

"Bari. Bari hwa in diba."

Ƙafata ta tsaya, allura ta tsaya a tsakiyar yadi. Baba yana kwance a zauren gidanmu a Aliero tun damina. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi. Ni na ɗauko shi daga asibiti, ni nake zuwa duk mako in aske masa kai. To wa ke magana da bakinsa a bayan shagona? Na fita ko takalmi ban sa ba.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama jihar Kebbi ce, ko wadda ta biyo ta. Lokacin masu wasa suna yawan ratsowa, su sauka daga saman motar kaya ranar kasuwa, su ɗaure zane tsakanin sanduna biyu, su tara mutane. Waɗannan su uku ne. Mutane suna ce musu 'yan kama, su kuma ba sa so, wai su masu kwaikwayo ne. Akwai gajere mai kalangu. Akwai dogo mai wani tsohon littafi marar bango, wanda yake karanta labari da ƙarfi yana sauya murya, nan ya zama sarki, nan tsohuwa, nan kura, in ya gaji ya juya littafin a kife ya karanta labarun ƙarya da muryar rediyo, wai an ba jakunan Maiyama nasu gwamnan. Sai babbansu, wani siriri mai irin fuskar da za ka gani da safe ka manta da rana. Shi aikinsa ɗaukar mutane. Yana yin ɗan sandan kan hanya, yana yin kwandasta, yana yin mai ɗori yana lallashin wanda ya karye.

Da na kutsa cikin taron, na tarar da shi cikin wata babbar riga da ta sha jiki, ya karkata hula gefen hagu, yana riƙe da albasa ɗaya.

Baba dillalin albasa ne, duk wanda ya taɓa kai buhu kasuwar Aliero ya san shi. In manomi da mai saye suka ɗau zafi, sai ya yi tari, ya ɗaga hannu, ya zura ɗayan hannun can tsakiyar buhu ya zaro albasa. Ya ce a bari ya duba, amma ba ya dubawa. Kunne yake kai ta, ya matsa ta a hankali, ya rufe ido yana sauraron ɓawon, wai daga ƙarar yake sanin ko ta bushe ko an yi gaggawar cire ta. Abokan wasansa sun sha tsokanarsa cewa shi kaɗai ne Allah Ya sa wa ido a kunne. Duk wannan siririn nan ya yi shi, har da yadda Baba ke lasar leɓe in zai yanke magana.

Na yi dariya. Wannan shi ne abin da har yau ban gane ba. Na yi dariya sosai, kamar kowa, sannan a tsakiyar dariyar na ji raina ya ɓaci, kafin ɓacin ran ya zauna kuma na ji idona ya cika. Wasu mahauta da suka san ni suka waiwayo, suka gan ni, dariyarsu ta mutu a fuska. Na koma shago, na ɗinka wuyan kaftanin nan a baibai, sai da mai shi ya zo ya nuna mini.

Kafin in isa Aliero washegari labari ya riga ni. Direbobi ba sa riƙe magana. Yayana, wanda ya gaji wurin Baba a kasuwa, yana tsaye a ƙofar gida yana jirana, kuma daga tsayuwarsa na san ni ma ina da laifi. Ya ce ina tsaye aka mai da ubanmu abin dariya a kasuwa, mutum yana kwance ba ya iya kare kansa, ni kuma an ce har haƙorana aka gani. Ban musa ba. Yaya mutum ne da in ya hau, gara ka bar shi ya sauko da kansa, ni kuma ba na iya barinsa, don haka muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo.

Inna ba ta sa baki ba. Sai da na shiga ciki ta miƙo mini ruwa, ta tambaye ni a hankali ko mutumin ya yi tarin ma. Na ce ya yi. Ta tambaya ko ya rufe ido. Na ce ya rufe. Sai ta ce ita dai rabonta da jin muryar nan tun ranar da ya ce ta ajiye masa tuwo zai dawo.

A nan ya kamata in faɗi halin da Baba yake ciki. Ciwon bai ɗauke masa hankali ba, idonsa yana bin kowa, yana gane mai shiga da mai fita. Magana ce ta ƙare, sai kalma ɗaya tak da ta maƙale: bari. In yana jin ƙishirwa, bari. In yana so a juya shi, bari. In ƙuda ya dame shi, in baƙo ya gaishe shi, in jika ya hau ƙafarsa, duk bari. Mun saba, muna lalube, in ba wannan ba ne mu gwada wancan. Kansa kuma yana ɗan rawa tun da ya kwanta, ba ka iya raba gyaɗawa da girgizawa.

Yaya ya ce tunda abin na Baba ne, a tambaye shi. Muka zauna a zaure, Inna tana bakin ƙofar ciki. Yaya ya ba shi labari, ya ƙara gishiri yadda ya ga dama, sannan ya tambaye shi ko a je a hana mutumin.

"Bari," in ji Baba.

Yaya ya buga cinya, ya ce to mun ji, ya ce mutumin ya bari. Inna ta ce ita ba haka ta ji ba, cewa ya yi a bar shi ya yi abinsa. Na matsa kusa, na juya tambayar, na ce a ƙyale shi ke nan ya ci gaba? Baba ya dube ni ya ce bari. Na sa hannuna a cikin hannunsa na hagu, mai lafiyar, na ce in yana so a hana ya matsa. Ya matsa. Na ce in yana so a ƙyale ya matsa. Ya matsa, har da ƙarfi. Ban san ko bai gane wasan hannun ba ne, ko mu ne ya ga ba mu da hankali.

Ban taɓa lura ba sai ranar cewa kalmar nan fuska biyu gare ta. Da ita ake hana yaro taɓa wuta, da ita kuma ake cewa a ƙyale yaro ya yi wasa. Duk tsawon raina ina faɗinta ban taɓa ruɗewa ba, saboda kullum akwai abin da ke biyo ta a baya. A bakin Baba babu abin da ke biyo ta.

Yaya ya yanke cewa ni zan je, tunda ni na yi dariyar. In sami mutumin in gaya masa in ya ƙara, to ya nemi wata hanyar ba ta Aliero ba. Ina ɗaure takalmi Inna ta biyo ni soro da ƙullin gyaɗa, ta cusa mini a aljihu, ta ce in na gan shi in roƙe shi ya zo. Haka na fita da saƙo biyu, kowanne yana cin ɗan'uwansa.

A Jega aka ce sun wuce Maiyama. Na hau a-kori-kura tare da buhunan gero da wani tsoho mai awaki da zai sauka mararrabar Andarai. Duk hanya ina shirya faɗa a raina. Na tsara yadda zan fara, na tsara inda zan ɗaga murya, har na ba shi amsoshi na kuma ƙaryata su. In na kai ƙarshe sai in ji gyaɗar Inna a aljihu, in koma farko.

Na same su da hantsi a gefen kasuwa, dogon yana tsakiyar karatu. Na ce zan jira a gama, ba kyau a yi wa mutum faɗa a bakin aikinsa. Gaskiyar ita ce so nake in ƙara ji. Da aka zo kan Baba, mai kalangu ya sanar da cewa ga dillalin Aliero nan. A Maiyama ba wanda ya san shi. Manoman Liba da ke kusa da ni suka yi ta dariya, ɗaya yana cewa wallahi haka dillalai suke, duk halinsu ɗaya. Wannan ya ƙona mini rai fiye da na Jega. Ba haka dillalai suke ba, haka Baba yake. Amma kuma na lura ba wanda ya zage shi, wata tsohuwa mai daddawa ma cewa ta yi wannan daga ji mai gaskiya ne. Na rasa ko in ji haushi ko in gode mata.

Bayan taro ya watse na iske shi a gindin bishiyar bedi, ya tuɓe rigar, yana cin rogo da ƙuli. Babu rigar, sai ya zama ba kowa ba, har na yi shakkar ko shi ne. Na yi sallama, na ce ni ɗan dillalin nan ne. Ya washe baki, ya matsa mini tabarma, ya tambayi lafiyar tsoho. Ya ce shekarun baya ya yi kasuwanni da dama yana zama kusa da shi kamar mai jiran mota, yana ɗaukarsa kaɗan kaɗan, tarin ne ya fi ba shi wahala. Duk faɗan da na shirya ya zube. Na gaya masa abin da ya sami Baba.

Ya ajiye rogon. Sannan ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce sana'arsu tana da ƙa'ida, wadda ya karɓa daga wanda ya koya masa. Mai lafiya ana ɗaukarsa ba sai an tambaye shi ba, don in ya ji haushi yana da baki da ƙafa, zai zo ya rama. Marar lafiya da mamaci ba a taɓa su.

"Sai hwa in mai murya ya ba ka da bakinai," in ji shi. "In ya ba ka, ta zama taka, ko bayan rainai kana yi. In bai ba ka ba, ka aje ta ke nan."

Ya ce daga yau ya ajiye, in ba Yaya haƙuri. Aikin da aka aiko ni ya gama kansa ban ko ɗaga murya ba. Ya kamata in tashi in nemi mota. Sai na ji bakina yana roƙonsa ya zo Aliero ya tambayi Baba da kansa. Ya ce ai na ce tsohon ba ya magana. Na ce yana yi, kalma ɗaya. Da na faɗa masa kalmar, ya dube ni kamar na zo yi masa wasa a nasa fagen.

Ya zo ranar da suka biyo hanyar Sakkwato, shi kaɗai, ya bar abokansa a tasha. Rana ta ɗaga, zauren da haske. Yaya ya zauna a bakin ƙofar waje ya haɗe rai, bai amsa gaisuwa ba sai da ƙyar. Inna tana bayan asabari, ina ganin yatsun ƙafarta. Muka jingina Baba da bango, na gyara masa hula.

Mutumin ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba da muryarsa ta kansa, wata 'yar siririya. Ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya daɗe yana yi. Ya ce ya zo ya nuna, in Baba ya yarda ya ci gaba, in bai yarda ba ya ajiye har abada. Bai sa babbar rigar ba. Albasa kawai ya nema, na ɗauko masa ɗaya daga rudun bayan gida, inda muke ajiyar ta.

Ya miƙe, ya saki kafaɗa, ya tura ciki gaba kaɗan. Ya yi tarin.

Na ji Inna ta ja numfashi a bayan asabari. Yaya ya sunkuyar da kai. Mutumin ya fara da gaisuwar kasuwa, ya tambayi manomin da babu shi labarin ƙauyen Danwarai da ruwan fadama, ya yi wa mai sayen da babu shi tsiya cewa ya zo da ƙaramin aljihu da babban baki. Baba ne a tsaye, ga kuma Baba a jingine da bango yana kallonsa, idonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Ni dai na kasa sanin wanda zan kalla. Sai mutumin ya ɗaga hannu, ya kai albasa kunne, ya rufe ido.

"Bari," ya ce. "Bari hwa..."

"Bari!"

Wannan daga bango ta fito, da ƙarfin da ba mu ji ba tun damina. Baba ya ɗaga hannun hagu sama. Bakinsa yana motsi, leɓensa yana neman wani abu, wuyansa ya kumbura. Gefen fuskarsa mai rai ya ja sama, hawaye yana zuba, kuma wallahi ba wanda zai iya rantsewa ko kuka ne ko dariya. Muka jira. Ba abin da ya fito.

Mutumin ya sauke hannu, ya koma ɗan siririnsa, ya ajiye albasar a kan tabarma.

"Na bari, Baba," ya ce.

Yaya ya ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Sai Inna, wadda ban taɓa jin ta yi magana da baƙon namiji ba, ta ɗaga asabari da hannu.

"Ba hana ka yay yi ba. Maganatai ta, shina son shi hwaɗi abinai. Ƙarasa mai za ka yi."

Yaya ya ce hannu ya ɗaga, kowa ya gani. Inna ta ce ai kullum da ɗaga hannu yake faɗinta, shekara nawa tana gani. Mutumin ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya juyo gare ni, tunda ni na kawo shi, ni kuma na fi kusa da Baba.

"Kai, mi kaj ji?"

Na dubi Baba. Ya dube ni da idon nan nasa mai cike da magana. Na nemi amsar a fuskarsa, na neme ta a hannunsa, na tuna ƙarfin muryar na ce hani ne, na tuna motsin leɓen na ce ƙarashe yake nema. Ina jin tausayinsa, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina. Na ce ban sani ba.

Mutumin ya ce to shi ba ya ɗaukar abin mutum a kan ban sani ba. Ya yi wa Baba addu'a, ya ƙi karɓar ko ruwa, ya sa takalminsa ya tafi. Yana fita Baba ya miƙa hannun hagu, ya lalubo albasar nan, ya kai ta kunne ya rufe ido. Yaya ya ce ga shi nan, yana nuna mana abinsa ne ba na wasa ba. Inna ta ce yana nuna wa mutumin inda ya tsaya ne. Suka sake sabon zance, ni na fita na zauna a dakali.

Baba ya rasu bayan an cire albasar shekara ta gaba, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wadda yake da ita ba. Masu kwaikwayon sun sake ratsowa Jega bayan haka. Na rufe shago na tsaya tun daga karatun dogo har ƙarshe. Ɗan sanda ya zo, kwandasta ya zo, mai ɗori ya zo, dillalin Aliero bai zo ba. Na sami siririn a gefe, na roƙe shi ya yi mini ni kaɗai, a cikin shago, a rufe ƙofa. Ya yi mini ta'aziyya, amma ya ƙi, ya ce da ranar nan a zaure na ce masa tsoho ya yarda, da ya yarda da ni. Daga nan ban ƙara ganinsu ba, aka shiga zamanin bidiyo, mutane suka daina tsayuwa a rana don kallon mai riƙe da littafi.

Yanzu in na nemi muryar Baba a kaina, ba na samun ta kai tsaye. Sai na fara tuna siririn nan a kasuwa, sannan ta zo, kuma ban san nawa ne na Baba nawa ne nasa ba. Yaya har gobe yana kan bakansa. Ni kuwa wata rana in tashi da tabbacin Inna ce da gaskiya, kafin azahar in koma wajen Yaya.

Inna ta tsufa ƙwarai kafin ta bi Baba, idonta ya yi rauni. Wata ranar Juma'a na je gaishe ta, na same ta a tsakar gida tana taya jikoki yankan albasa da lalube. Ta kori yaran, ta ce in zauna. Ta ce ni na ji mutumin nan har sau uku, kuma ni ɗan Baba ne, ƙirjinmu ɗaya. Ta miƙo mini albasa.

Na ce ban iya ba. Ta ci gaba da miƙo ta. Na karɓa, na miƙe tsaye ina jin kunya kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na saki kafaɗa, na yi tari, na ɗaga hannu, na kai albasar kunne.

"Bari," na ce. "Bari hwa in diba."

Ta karkata kai tana saurare, idonta a rufe. Ta ɗaga hannu a hankali.

"Bari," ta ce.

Na tsaya da albasa a kunne ina jiran ta ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba.